Neman shawara: yadda zan rarrabe kifayen ruwan daɗi in gano dangantakarsu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Ina aikin bincike na ƙarshen karatu kan kifayen wani kogi. Abin da ake so shi ne in tantance nau'in kowane kifi, sannan in zana bishiyar dangantakarsu. Na fara haɗa masu kama da juna wuri ɗaya: masu gashin baki daban, masu dogon jiki daban, masu ɓawo daban. Mai duba aikina ya ce wannan tsarin ba zai karɓu ba. Daga ina zan fara? Kuma dole ne sai na yi gwajin DNA?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a kai ga bishiya, gyara yadda kake adana kifin, don yawancin aiki a nan yake lalacewa. Da an fito da kifi daga ruwa ka ɗauki hotonsa ta gefen hagu, fiffike a buɗe, da ma'auni a gefe, domin launi yana dusashewa cikin sa'o'i kaɗan. Daga nan ka yanki ɗan guntun fiffike ta gefen dama, bai fi girman farce ba, ka jefa a itanol mai ƙarfin kashi 95. Sai ka sa sauran jikin a fomalin mai kashi 10 na kimanin mako guda. In kifin ya wuce santimita 15, yi masa allurar fomalin a ciki, in ba haka ba kayan cikin za su ruɓe tun maganin bai ratsa ba. Bayan nan ka jiƙa shi a ruwa, ka mayar da shi itanol mai kashi 70.

Kada ka sa naman gwaji a fomalin, yana lalata DNA. Lamba ɗaya za ka ba hoto da nama da kifin, ka rubuta da fensir a takarda mai jure ruwa, tawada tana narkewa a itanol.

Amsa ta biyu:
Mai duba aikinka yana da gaskiya. Kama ba ita ce dangantaka ba. Ɗauki gaiwa. Tana da dogon jiki, tana shaƙar iska kamar tarwaɗa, amma ta fi kusa da kwaɗo da sauran dabbobi masu ƙafa huɗu fiye da yadda take kusa da tarwaɗa ko karfasa. Huhu gare ta na gaske, ita kuwa tarwaɗa wani sashe ne mai rassa a saman wurin numfashinta yake ba ta damar shaƙar iska. Aiki ɗaya, asali daban. Haka wutar lantarki: minjirya 'yar rukunin tarwaɗa ce, yauni yana wani tsohon rukuni na daban, kifayen lantarki na Kudancin Amurka kuma nasu rukunin daban ne. Kowanne ya samo wutarsa ta hanyarsa.

Abin da ake gina bishiya a kai shi ne sabuwar siffa da wasu kifaye suka gada daga kaka ɗaya, wadda na waje ba su da ita. Wannan ita ce ƙa'idar da Bajamushe Willi Hennig ya shimfiɗa a 1950. Misali mafi kyau a ruwan daɗi shi ne ƙananan ƙasusuwan Weber, waɗanda ke haɗa jakar iska da kunnen ciki su ƙara wa kifi ji. Su ne suka haɗa tarwaɗa da ƙurungu da tsage da kifin kaf a gida ɗaya, duk da cewa tsage yana da ɓawo da manyan haƙora, tarwaɗa kuwa fata ce sumul. Kusan kashi biyu cikin uku na nau'o'in kifin ruwan daɗi na duniya suna cikin wannan gidan. Ka ga tsarinka na masu ɓawo da marasa ɓawo ya raba 'yan gida ɗaya, ya haɗa tsage da karfasa, alhali akwai nisa sosai tsakaninsu.

Amsa ta uku:
Ni ƙidaya zan jaddada. Auna tsawo daga tsinin baki zuwa gindin wutsiya, ban da fiffiken wutsiyar, don yana yawan gutsirewa. Kowane awo ka mayar da shi kashi cikin ɗari na wannan tsawon. A fiffike, ƙirga ƙaya masu tauri daban, jijiyoyi masu laushi daban: na farko da lambar Romawa, na biyu da lambar da aka saba, kamar XVII, 12.

A tarwaɗa, duba baya. Clarias, wato tarwaɗar da aka saba gani, fiffikensa ɗaya ne dogo har kusa da wutsiya. Heterobranchus, wato ramboshi, nasa guntu ne, sai wani fiffiken kitse babba a bayansa. In ka ga fiffiken kitsen ƙarami ne ƙwarai, yi zargin ruwa biyu ne, don masu kiwo suna haɗa su. Tsakanin Clarias gariepinus da Clarias anguillaris ido kaɗai ba ya isa, sai ka ɗaga murfin kunci ka ƙirga 'yan tsinken tacewa da ke kan ƙashin numfashi na farko. Na gariepinus sun fi yawa, suna iya haura 100 a babban kifi, na anguillaris ba sa wuce 50. Amma adadin yana ƙaruwa da girma, saboda haka kifaye masu tsawo ɗaya za ka kwatanta.

Karfasa kuma ba jinsi ɗaya ba ce. Duk danginta suna da kafar hanci ɗaya a kowane gefe da layin gefe mai yankewa biyu. Masaniyar kifi Ethelwynn Trewavas ta raba su a 1983 bisa renon ƙwai: a Oreochromis uwa ce ke riƙe ƙwai a baki, a Sarotherodon uba ne ko su biyun, sauran kuma a ƙasa suke zuba ƙwai su yi gadi. A 2013 aka mayar da Tilapia zillii zuwa Coptodon. Oreochromis niloticus za ka gane shi da ratsi-ratsi a tsaye kan wutsiya. Kowane suna ka duba shi a kundin sunayen kifi na Eschmeyer da ke intanet kafin ka rubuta, tsofaffin littattafai cike suke da sunayen da aka daina amfani da su.

Mai tambaya:
Na gode malamai, Allah ya ƙara ilimi. To batun DNA ɗin fa?

Amsa ta huɗu:
Don sanya suna, siffa da ƙidaya sun isa a mafi yawan lokuta. Don bishiya kuwa DNA ta fi, amma ka san iyakarta. Guntun da aka saba amfani da shi sunansa COI, tsawonsa kusan haruffa 650, ana kwatanta shi da abin da ke GenBank da BOLD, wato rumbunan bayanan DNA na intanet. Ta wajen uwa kawai ake gadonsa, don haka kifi ruwa biyu zai fito da sunan uwarsa, ka ɗauka tsantsa ne. Ba ya kuma raba nau'o'in da ba su daɗe da rabuwa ba. Dangin karfasa na Tafkin Biktoriya sun kai kusan nau'i 500, tafkin ya ƙafe kimanin shekaru 15,000 da suka wuce, kuma COI ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Sannan akwai bayanai a GenBank da aka saka da sunan da ba daidai ba, shi ya sa ba a yar da kifin bayan an yanki nama.

In za ka zana bishiyar, ɗauki kifi uku zuwa biyar a kowane nau'i, ka ƙara da wani guntu daga cibiyar tantani irin su RAG1 in da hali. Sa baƙo ɗaya daga waje don kafa tushe, gaiwa za ta yi in sauran duk masu fiffiken ƙaya ne. Manhajar MEGA kyauta ce kuma ta isa wannan aikin. Maimaita gwajin ƙarfin rassa sau 1,000, duk reshen da ya gaza kashi 70 kada ka gina hujja a kansa, ka rubuta cewa ba a warware shi ba.