Katunan taba na dā masu hotunan 'yan wasan kwaikwayo mata: me ya kawo tufafin Girka?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A wata kasuwar tsofaffin kaya a Liverpool na sayi katuna 12 na kamfanin Ogden's, irin waɗanda ake sakawa cikin kwalin sigari wajen shekarar 1900. Kowanne bai cika tafin hannu ba, kusurwoyinsa sun yi laushi, hoton kuma ya koma ruwan ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, uku daga cikin matan sun yafa farin ƙyalle mai ninki irin na gumakan Girka, ɗaya har ta jingina da ginshiƙi. Mene ne haɗin taba da wannan shiga?

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam. Da farko an sa katin ne don ya ƙarfafa kwalin, kada sigari ya karye a aljihu, sannan kamfanonin Amurka irin su Allen & Ginter da na iyalan Duke suka gane cewa hoton 'yar wasa kamar Lillian Russell zai dawo da mai saye har sai ya tara jerin duka. Shi kansa Ogden's, James Buchanan Duke ya saye shi a 1901.

Hajiya Uwar Ɗaki:
Malam ya faɗi gaskiya, amma tambayar tana kan tufafin ne. A wancan zamani mutanen Ingila suna ɗaukar duk abin da ya yi kama da Girka a matsayin ilimi da fasaha, saboda haka kafaɗar da za a kira rashin kunya a hoton talla sai ta zama abin yabo da zarar an ajiye ginshiƙi a gefe. Dandalin wasan ma ya taimaka, domin 'yar wasan kwaikwayo Mary Anderson ta yi suna a Landan a 1883 da fitowa a matsayin Galatea, gunkin da ya samu rai. Ni abin da ke damuna shi ne, maza da samari ake nufi da hotunan, kuma a 1894 Washington Duke ya rubuta wa ɗansa, wato James Buchanan Duke, yana neman a daina su.

Ɗan Birni:
Na gode, Hajiya. Zan cire su daga ledar da aka ba ni, in ajiye su inda rana ba ta taɓawa.