Tsadar abinci a wuraren wasan yara: mene ne hujjar hana shiga da guzuri?

Baban Yara, Gwale

Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin waɗanda suka saba kai iyalinsu wuraren shaƙatawa a cikin birnin Kano, musamman idan akwai wanda ya taɓa sana'ar abinci a irin waɗannan wurare. Tambayata ita ce: da wace hujja ake hana iyaye shiga da abincin gida, alhali abin da ake sayarwa a ciki yana da tsada, kuma sau da yawa bai kai kuɗinsa ba?

A sallar da ta wuce na kai yarana da na ƙanwata wani wurin wasa da ba zan kama sunansa ba. Mahaifiyar yarana ta dafa shinkafa da miya ta zuba a kula, amma masu tsaron ƙofa suka ce doka ta hana, dole muka bar kular a mota. Bayan yara sun gama hawa lilo da majaujawa yunwa ta taso, sai na saya musu dafa-duka a roba. Samanta da zafi, tsakiyarta da sanyi, ita kuwa kazar da aka ɗora a kai tana ƙaurin man da aka daɗe ana suya da shi. Ruwan gora ya kusa ninka farashinsa na shagon da ke bakin titi, kuma babu wata takarda da aka liƙa mai nuna farashi, sai dai ka tambaya a faɗa maka.

Kuɗin shiga da tikitin kowane lilo ban yi ƙorafi a kansu ba, domin na san injuna ba sa juyawa da kansu. Abin da ya dame ni shi ne, magidanci a Kano ba ya fita yawon salla da yara biyu kawai, sai ya haɗa da na 'yan'uwa da na maƙwabta, kuma ba zai iya kallon idonsu ya ce su haƙura da yunwa ba.

Tsohon Mai Rumfa, Tarauni

Wa alaikumus salam, Malam. Na riƙe rumfar abinci da lemo a wani wurin wasa kafin na koma kasuwa, saboda haka bari in faɗa maka yadda lissafin yake daga ɓangarenmu.

Hayar rumfa ta shekara ake biya, amma ciniki na gaske bai wuce kwanakin salla biyu, da yammacin Asabar da Lahadi, da lokacin da makarantu ke kawo ɗalibai a ƙarshen zango ba. Watan azumi da rana babu kowa, kuma da damina hadari ɗaya ya isa ya watsa kasuwar yini guda bayan ka riga ka dafa. A wasu wuraren ma bayan haya mai wurin yana da kasonsa a cikin ciniki. Nan ne asalin dokar da ta hana ka shiga da kula: mai wurin ya karɓi haya mai nauyi bisa alkawarin cewa duk wanda ya ji yunwa a ciki wajenmu zai zo, idan kuwa ya bari kowa ya shigo da tukunyarsa, babu wanda zai sake kama rumfa a hannunsa. Maganar ƙazanta da ledoji da ake faɗa a ƙofa gaskiya ce, amma ba ita ce babba ba.

Sannan ga wuta. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ƙara wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta a rana, kuɗin lantarki zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Katan ɗin lemon da nake sarowa a kasuwar Singa farashi ɗaya muke saye da mai shagon unguwarku, sai dai ni dole in tayar da janareta ko in sayi ƙanƙara tun safe, domin a wurin wasa babu mai sayen lemo idan bai yi raɓa ba.

Wannan bayanin tsada ne kawai. Shinkafar da ka ce tsakiyarta da sanyi kuwa ɗumame ce, wato ta jiya ce ta yi kwantai aka sake ɗora ta, kuma wannan ba zan kare shi ba. Mai abinci a cikin unguwa yana tsoron kada abokin cinikinsa ya ƙaurace masa gobe, shi kuwa na wurin wasa ya san mafi yawan mutanen da ke gabansa sai wata sallar zai sake ganinsu, kuma wannan ne ke sa wasu sakaci.

Ma'aikaciyar Jinya, Kumbotso

Malam, ni abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinka shi ne shinkafar, ba kuɗin ba. A 'yan shekarun nan ƙaramar salla tana faɗowa ne a tsakiyar zafi, ta 2024 a Afrilu, ta 2025 a ƙarshen Maris, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Shinkafa tana da hatsari na musamman, saboda akwai ƙwayar cutar da ke barin guba a cikinta idan ta daɗe a ajiye, kuma ɗumamawa ba ta kashe wannan gubar. Haka nan kabeji da aka kwaɓa da bama, da kunun aya, da askirim da ya narke aka sake daskarar da shi bayan wuta ta dawo.

Kada kuma mu manta da abin da ya faru a nan Kano a 2021, lokacin da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu har suka riga mu gidan gaskiya. Tun daga lokacin ba na saya wa yara lemon haɗi ko zoɓo a inda ban san mai yinsa ba. Na kwalba ko na gwangwani ma sai na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Sai dai ina jan hankalinka cewa kular gida ma ba ta tsira ba, idan aka dafa da asuba aka bar ta a mota mai zafi har la'asar. Abin da ya fi aminci shi ne wanda aka sauke daga wuta a gabanka: tsire, ko masa, ko awara, ko gurasa da aka gasa nan take. Kuma ya kamata a riƙa ganin duba-gari a waɗannan rumfunan a kwanakin salla.

Malamin Firamare, Fagge

Ina kai ɗalibai yawon buɗe ido, kuma na lura cewa idan aka je aka yi magana da manaja kafin ranar, ana iya daidaitawa a kan farashi ɗaya ga kowane yaro, wani lokaci har a yarda a shiga da ruwa. Game da rashin liƙa farashi kuwa, dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayan da ya baje, kuma jihar Kano tana da tata hukumar da ake kai wa irin wannan ƙorafi.

Baban Yara, Gwale

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ɗauki shawararki a kan kula. Malam mai rumfa, na fahimci nauyin haya da na wuta, amma har yanzu ban gamsu da hana shiga da ruwan sha da kunun jarirai ba, domin na ga wata baiwar Allah da goyo ana jayayya da ita a ƙofa a kan filas ɗin kunu. Ina kuma son ka gaya mini, tunda ka san cikin harkar: idan mai wurin ya sanya ɗan kuɗi kaɗan a kan kowace kula da aka shiga da ita, ya rage muku haya da abin da ya tara, kana ganin masu rumfa za su yarda?