Bututun murhunmu ya kama da wuta jiya, wa za mu kira?

Maman Biyu, Winnipeg: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare Allah ya tsare mu. Muna zaune sai bututun hayaƙin murhun itacenmu ya fara ruri kamar jirgi zai tashi, maƙwabci ya buga ƙofa wai tartsatsi na fita ta saman rufi. Maigidan ya rufe mashigar iska, muka kwashi yara muka fita, muka kira 911. 'Yan kwana-kwana sun ce kada mu sake hura shi sai an duba. Ga sanyi kuma. Wa za mu kira?

Kawu: Subhanallahi! Allah ya kiyaye gaba, 'yata. Ki nemi mai shaidar WETT, wato takardar ƙwarewa wajen duba murhun itace da bututunsa, ita ce kamfanonin inshora a nan Kanada suka fi nema. Ki kira inshorarku kafin a taɓa komai, ki ɗauki hotuna.

Injiniya: Hajiya, sannunku da arziki. Don Allah kada ku yarda da mai shara kawai, wanda zai zura buroshi ya tafi. Ku ce a zura kyamara tun daga ƙasa har sama, a kuma hau saman silin a ga katakon da ke kusa da bututun. Irin wannan wutar tana iya haura digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. Idan bututun na bulo ne, tayil ɗin cikinsa kan tsage. Idan na ƙarfe ne, yakan lanƙwashe ko ya sauya launi. Daga waje ba za ki ga komai ba, amma ta wannan tsagar wuta ta gaba za ta kai ga rufi, hayaƙi mai guba ma ya shigo ɗaki. In an ga tsaga, a zura sabon bututun ƙarfe mara tsatsa a ciki, ko a sauya sashen da ya lalace. Liƙe da siminti ba gyara ba ne.

Maman Biyu: To me ya jawo? Bara aka share mana fa.

Injiniya: Wane itace kuke sawa?

Maman Biyu: Wanda muka saya a watan Nuwamba. Yakan yi tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa.

Injiniya: Ɗanye ne. Shi ke tara baƙar kunkunniya mai danƙo a bututu, musamman in ana toshe iska da dare don wutar ta kwana. Da ta kai kaurin milimita 3 a share. Ku sayi 'yar na'urar auna laima, ku faskara itacen ku soka a tsakiya, kada laimar ta wuce kashi 20 cikin 100.

Anti Uwani: Ƙanwata, ku duba ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon mai guba yau ɗin nan. Ina da hita biyu a ajiye, Baban Biyu ya biyo ya ɗauka bayan la'asar.