Tiramol, "sha ka fashe" da allurar tsoka: duk abu ɗaya ne?

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Masana, a ba mu haske. Samarin da ke ɗaga ƙarfe, 'yan ƙwallon unguwa, har da wasu 'yan dambe da 'yan kokawa a nan Sakkwato, abu uku ba sa barin bakinsu: tiramol, "sha ka fashe", da allurar da ake cewa tana gina tsoka. Aikinsu ɗaya ne? Hujjarsu kuma ita ce ba a gwajin fitsari a wasan unguwa, kowa yana sha, to wa aka cuta?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Malam, babu abin da ya haɗa su sai kantin da ake sayensu.

Tiramol ba ya ƙara ƙarfi ko na sisin kwabo, zafi kawai yake toshewa. Ɗan ƙwallo ya gurɗe idon sawu, jijiya ta ɗan tsage, zafin nan ne zai zaunar da shi. In an toshe shi sai ya ci gaba da gudu a kai har ta tsinke, abin da hutun 'yan makonni zai gyara ya koma na tiyata. A dambe ya fi muni: wanda naushi ya girgiza wa ƙwaƙwalwa ba ya jin komai, ya koma fage a sake samunsa.

Iyakar da likitoci suka yanka wa babba miligiram 400 ne a yini, a rarrabe. Wanda hukuma ta yarda da shi a Najeriya mai 50 ne da mai 100, amma na bayan fage har mai 225 akwai, ƙwaya biyu sun haye iyaka ke nan. Abin da kan iya biyo baya jijjiga ce irin ta farfaɗiya, yaro ya zube yana shure-shure, kumfa a baki, 'yan kallo su ce iska ce. In an haɗa da kodin ko maganin barci, numfashi ke raguwa har ya tsaya.

"Sha ka fashe" kuwa yawanci dexamethasone ne, wani maganin kumburi, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki. Ƙibarsa ta banza ce: ruwa da kitse a fuska da tumbi da ƙeya, damtse da cinya kuma suna zagwanyewa. Yana tayar da suga, ya rarake ƙashi. Wanda ya wuce mako uku yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin jikinsa ya daina samar da nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, jini na iya faɗuwa ya suma. A asibiti ake rage shi a hankali.

Hajiya Mai Kemis:
Likita ya bar mini na ukun. Allurar tsoka, wato testosterone, sinadarin maza, da danginsa, ita kam tana gina tsoka, kada mu yi wa yara ƙarya su daina jin maganarmu. Amma da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini, sai ta dakatar da 'ya'yan maraina. Su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani har su ɗauke na watanni. Rarar sinadarin kuma jiki ya juya ta zuwa na mata, nono ya fito wa saurayi, in ya daɗe sai wuƙar likita. Bangon zuciya yana kauri, jini ya hau. Tsoka tana girma da sauri fiye da jijiyar da ke riƙe ta, shi ya sa take ɓallewa ana cikin ɗaga ƙarfe. Yaron da bai gama tsawo ba kuwa ƙashinsa na iya rufewa da wuri. Balle a yi allura ɗaya mutum uku a bayan ɗaki. Ciwon hanta da ƙanjamau ba sa neman wata ƙofa.

Alƙalin Wasa:
Ɗan'uwa, batun "babu gwaji" na ɗan lokaci ne. Yaron da ya haska a filin Giginya gobe za a kira shi gasar ƙasa. Can za a bi shi har bayi, a karɓi fitsari mililita 90, a raba kwalba A da B. Dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da haramtattun magunguna a wasanni, ita ce duk abin da aka samu a jikinka naka ne, ko da a cikin haɗin mai magani ka sha ba ka sani ba. Allurar tsoka hukuncinta shekara huɗu, tiramol ma ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun Janairun 2024. Blessing Okagbare, 'yar tseren Najeriya, duk da sunanta, an cire ta daga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ta ƙare da dakatarwar shekara 11.

"Kowa yana sha" kuwa ban yarda ba. Akwai wanda bai sha ba, shi ake tilasta wa zaɓi tsakanin ƙodarsa da gurbinsa a kulob. Mu ma an taɓa cutarmu. A Olamfik ta Sidni, 2000, 'yan tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu na Najeriya sun zo na biyu bayan Amurka. A 2008 Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna, aka ƙwace zinarensu. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da shi. Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun da suka yi gudun, ya rasu a Disambar 2011, bai ga zinaren ba.