Musayar Waƙa: Wa Doka Ta Ƙwace wa Bindiga?

Na Ɗansadau:
Salamu alaikum. Ga 'yan baituka kan hana talaka riƙe bindiga. Amsa-amo "ya" ne, mai amsawa shi biyo ta nan.

Da sunan Allah nika buɗe waƙa,
Shi ka kwantar da bawa cikin lafiya.

Dokar makamai ta 1959,
Ta girmi 'yancin ƙasar Najeriya.

Ta ce bindigar yaƙi irin ta soja,
Izninta na shugaban ƙasa na shi ɗaya.

Ta farauta sai Sufeto Janar ya yarda,
Harba-ka-ruga, gun kwamishina ka biya.

To ni manomi na bi doka sau da ƙafa,
Da fartanya kaɗai nika kama hanya.

Wanda yat tare ni a bakin gona,
AK gare shi, harsashi rataye ga wuya.

Wane ofis yac cike nashi fom?
Wa yag ga hotonai, nawa yab biya?

Doka ta ɗaure tunkiya ga turke,
Ta bar kura na yawo tun da safiya.

Ku bar mu mu ma mu aje tamu,
In an zo kanmu kada mu ba da baya.

Malam na Ƙaura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Zafinka ya iso ni, amma zauna ka ji.

Ɗana, ban ce ƙarya kake ba,
Wanda anka kora ga gona ya san wuya.

Amma ni na ga farkon wanga al'amari,
Tun ana kuka kan satar saniya.

Anka ce hukuma ta yi nisa da mu,
Anka kafa sa-kai don samun kariya.

Da fari ɓarawo sunka sa gaba,
Kowa na sa musu albarka da godiya.

Sai ga shi ana kama mutum cikin kasuwa,
Don Bafillace na, babu wata tambaya.

Ba alƙali, ba mai ba da shaida,
Hukunci nan take a bakin hanya.

Ɗan wanda anka kashe ya faɗa daji,
Ya sai da shanu, AK yas saya.

Tuna 'Yar Galadima a 2014,
'Yan sa-kai na taro wuri ɗaya.

Babura sunka zo sunka buɗe wuta,
Har yau Maru na da ciwon a zuciya.

Bindigar da kat tanada don ɓarawo,
Ita za ka ɗauko ran faɗan rijiya.

Ta Anka:
Baba Malam, Allah shi ƙara girma. Ku maza bindiga kaɗai kuka gani. Ni hane-hanen da anka aza muna nika son a tuna.

Satumba 2021 anka kashe sabis,
Duk Zamfara ba mai buga waya.

Anka kulle kasuwannin mako,
Fetur cikin jarka an hana a saya.

Anka hana lodin shanu a mota,
Babur da dare shi ma an ce shi tsaya.

Ban musa ba, ɓarayi sun ji jiki,
Man babur da abinci sun yi musu wuya.

Amma mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli,
Ranar kasuwa ita ta jarinsu gaba ɗaya.

Mai naƙuda tsakar dare ba babur,
Ba yadda za a kira ungozoma ko ɗaya.

In an shigo gari, wa za ka kira?
Labari sai ya iso da ƙafa, ya zan na jiya.

Su ko sunka matsa Sakkwato da Katsina,
Can ma anka shiga kukan ɗiya.

Da anka buɗe sun dawo da yunwa,
Haraji sunka aza, mu munka biya.

Ɗalibi na Gusau:
Iyayena da yayyena, a yi mini afuwa, zan sa baki. Hani ba ko'ina ya gaza ba.

A 1996 mutum guda ya yi ɓarna,
Mutum 35 ya kashe a Ostireliya.

Gwamnati ta hana masu aman wuta,
Ta ce a kawo, kuɗi za ta biya.

Kimanin 650,000 aka tattara,
Aka lalata su a idon duniya.

Shekarar ce aka harbe yara 16
Da malamarsu, Dunblane ta Birtaniya.

A 1997 suka hana ƙaramar bindiga,
Makarantunsu suka zauna lafiya.

In doka ta yi aiki a can, Yaya,
Me zai sa a nan a ce ta zama ƙarya?

Direban Kamba:
Bari in amsa wa yaron nan, ni da nika kwana bisa hanyar boda.

Ƙanena ɗan boko, sannu da karatu,
Amma buɗe taswira ka duba duniya.

Ƙasashen da kal lissafa ruwa ya kewaye,
Teku gabas da yamma, gaba da baya.

Mu iyakarmu daga Kamba zuwa Illela,
Fili na fetal har ka kai Jibiya.

Bayan kowane shinge na kwastan,
Akwai ta jaki da babur, ɓarauniyar hanya.

Gaddafi ya faɗi a 2011,
Rumbunan makamai sunka watse a Libiya.

Sunka biyo hamada sunka ratsa Nijar,
Wanda ad da kuɗin fansa shi ka saya.

Anka rufe boda a Agusta 2019,
Shinkafa ta yi tsada, harsashi na tafiya.

Kuma ba hamada kaɗai ba, Legas 2017,
Bindiga 661 anka kama a kwantena ɗaya.

Bar ta waje, ga ta cikin gida,
Wadda in na tuna nika jin kunya.

Ba zancen tasha ba na, rahoto na
Na mai binciken kuɗin tarayya:

Zuwa ƙarshen 2018, makaman 'yan sanda
178,459 sun ɓace daga ma'ajiya.

Cikinsu AK 88,078,
Maƙerin ƙauye bai ƙera ba ko ɗaya.

Wanda bai iya tsare rumbunai ba,
Shi ka ƙwace harba-ka-ruga ga mai akuya.

Mai haƙa na Bagega:

Anka hana haƙa a Afrilu 2019,
Wai shi ka ciyar da ɓarayi, zinari.

Mai takarda ya kwashe kaya ya tahi,
Mai AK ya gaje ramin ya samu jari.

Sai Disamba 2024 anka ɗage,
Shekara biyar ba su fasa kai hari.

Ta Anka:
Kawu, "ya" anka ce, kai ka zo muna da "ri". Mun yafe don zancen ya zauna.

Na Ɗansadau:
Direba ya gama da wannan gefe. Ni na koma wurin Baba Malam.

Baba, na ji batun 'Yar Galadima,
Ban yi gardama ba, na sunkuya.

Amma a Yuni 2022 Gwamna Matawalle da kansa
Ya ce kowa shi nemi abin kariya.

Fom 500 ga kowace masarauta,
Su 19 ɗin nan gaba ɗaya.

'Yan sanda sunka ce lasisi na rufe,
Hafsan tsaro Janar Irabor ya ce gwamna ba shi iya.

Gusau ta ce ɗauka, Abuja ta ce aje,
Ni ga ni Ɗansadau a tsakiya.

Damina ta kama, an aiko kuɗin noma,
Wace doka zan karanta musu in ƙi biya?

Ɗalibi na Gusau:
Yaya direba, na karɓi ta ma'ajiya. Saura guda ga mai son a raba wa kowa.

Amurka bindiga ta fi mutane yawa,
Tsarin mulki ya ba kowa ya saya.

Duk da haka ana shiga makaranta
A buɗe wa yara wuta da safiya.

Malam na Ƙaura:

Janairu 2024 Gwamna Dauda Lawal
Ya ƙaddamar da askarawa don kariya.

Da kaki, da horo, da suna a littafi,
Nan ne nika ɗan sassauta zuciya.

In dole a riƙe, a san mai riƙon,
A ƙirga harsashi dare da safiya.

Wanda yak kashe mutum don ƙabilatai,
A kai shi kotu ko askar na, ba kunya.

Ta Anka:
Baba Malam, duk mun ji, Allah shi saka. Amma ɗanka ya tambaye ka kuɗin noma ka tsallake. Askarawa ba su kwana a gonatai. Shi biya ko kada shi biya? Muna jiran baitinka.