Neman kalma: me za mu kira tseren mountain bike da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ku taimake ni, lokaci ya ƙure mini. An ba ni rahoton minti huɗu in fassara wa shirin wasanni na rediyo, ƙarfe biyar na yamman nan za a naɗa. A kan tseren keke ne, irin wanda ake yi a kan duwatsu da cikin kurmi. Abu uku ya tsaya mini: sunan keken kansa, mountain bike, sai nau'i biyu na tseren, cross-country da marathon. Rahoton a kan Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ne, wanda ya ci tagulla a Olamfik ta Faris a 2024, ya kuma zama zakaran duniya a Andora a shekarar ta 2024. Na rubuta "keken dutse", da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar da dutse aka sassaƙa keken.

Ɗan Jarida: Keken hawan dutse. Marathon kuwa ai tuni muna da shi, fanfalaki ko ya-da-ƙanin-wani. Ɗayan ki ce tseren ratsa daji. Ki wuce wurin, Malama.

Mahayi: Wa alaikumus salam. Ban yarda da ratsa daji ba, don ni ina yin tseren nan. Wanda ya ji haka zai ɗauka an tashi daga nan an ɓulla can, alhali ba inda ake zuwa. Hanya ce ta kilomita 4 zuwa 6 da aka shata da igiyar leda, a yi ta zagaya ta har kusan awa ɗaya da rabi. A tashi gaba ɗaya, kowa na neman shiga gaba kafin hanyar ta tsuke ta koma ta mutum ɗaya, domin in ta tsuke kana na arba'in, to sai dai ka bi sahu. Akwai hawa mai tsinka numfashi, akwai gangare cike da saiwoyi, akwai inda da gangan aka jibge manyan duwatsu aka ce bi ta kai. In tazararka da wanda ke kan gaba a tseren ta kai kashi 80 cikin ɗari na lokacin da ya yi zagayen farko, alƙalai su fitar da kai don kada ka tare masa hanya. Shi ne wanda ake yi a Olamfik tun Atlanta a 1996. Marathon ne ake yin nisa da gaske, kilomita 60 zuwa 160. In ma za a ce ratsa daji, shi ya fi cancanta.

Mai Fassara: To ka ga da na juya su. Na gode, ɗan'uwa. Wato ɗaya zagaye, ɗaya nisa?

Mahayi: Kusan haka.

Tsohon Malami: Ina karanta ku ina girgiza kai. Kun tsallake tushe kun kama reshe. Wa ya ce muku keke Hausa ce? Aro ce daga Yarbanci. Basukur kuma Turanci ne aka lanƙwasa. Muna da laulawa, kalma mai daɗin faɗi wadda ke nuna yadda abin yake tafiya, kun bar ta ta mutu. Sannan Bahaushe ba ya fassara suna gaɓa-gaɓa, duba halin abu yake yi ya raɗa masa suna, kamar yadda ya ce faɗi-ka-mutu. Mene ne halin wannan laulawa? Ba ta son titi. Sunanta ƙi-kwalta. Tseren ƙi-kwalta. Ku faɗa sau uku ku ji yadda ya zauna a baki.

'Yar Nahawu: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ginin kalmar ba shi da aibu, aikatau da karɓau, daidai da ƙi-gudu. Sai dai kwalta ma Turanci ce, daga sunan baƙin man da ake malala wa hanya. Idan za a kori keke saboda baƙo ne, kwalta ba ta da takardar zama.

Tsohon Malami: To ƙi-titi.

'Yar Nahawu: Titi ma baƙo ne, Baba.

Tsohon Malami: Ƙi-gwadabe! Wannan dai ba wanda zai ce daga jirgi ya sauko.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, "tseren laulawa ƙi-gwadabe"? Mai sauraro zai ɗauka wasa ƙwaƙwalwa aka fara. Minti huɗu gare ta, ba darasin adabi ba. Su masu abin ma ba kwamiti suka kafa ba. Samari ne a Kaliforniya, a 1976, suke gangarowa daga tudu a kan tsofaffin kekuna har giris ɗin birki ya ƙone, sai an sake cusa wani. Daga wannan cusa giris ɗin tseren nasu ya sami sunansa, Repack. Abin da bakin mutane ya kama shi ne suna.

Na Nijar: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk rigimar dutsen nan don kuna kallon abin ta tagar Ingilishi ne. Da Faransanci VTT ake cewa, ma'anarsa keken kowace irin ƙasa, babu dutse ko ɗaya a ciki. Kuma su suka fi gaskiya. Tseren Faris ɗin da Malama take fassarawa a tudun Élancourt aka yi shi, mita 231 kacal daga doron teku, tudun ma mutane ne suka tara shi da ɓaraguzai. Wannan ne dutse? Amma na san yadda za a ƙare, abin da gidajen rediyonku suka faɗa shi zai zama Hausa, mu kuma a ce mu bi.

Ɗan Jarida: Haba ɗan'uwa, wa ya hana ku raɗawa? Kawo taka mu gani.

Na Nijar: Keken ko'ina.

'Yar Nahawu: Ma'anar ta fita, amma "tseren keken ko'ina" kamar an ce kowa ya kama gabansa.

Na Nijar: Kun gani ko? Da daga wajenku ta fito da yanzu an ce madalla.

Tsohon Malami: Ai maganarsa ƙi-gwadabe take ƙarfafawa. Abin da ya haɗa tudun Faris da tsaunukan Suwizalan shi ne babu shimfiɗaɗɗiyar hanya. Shekara talatin da biyar ina koyar da harshen nan, ban taɓa ganin al'ummar da ke jin kunyar kalmominta kamar tamu ba. In yaro ya ce mauntin baik a ce ya waye, in ya ce laulawa a yi dariya.

Mai Fassara: Baba, wallahi ba dariya nake ba, amma ƙarfe uku da kwata. Don Allah a dawo kan nau'i biyun. Zan iya cewa "na gajeren zango" da "na dogon zango"?

Mahayi: Kada ki taɓa gajeren zango, akwai mai shi. Akwai wani ɗan tsere na kamar minti ashirin a kan gajeriyar hanya, wanda a gasar kofin duniya da sakamakonsa ake jera 'yan sahun gaba na babban tseren. In kika ba cross-country sunan, ranar da wannan ɗan tseren ya zo ba ki da abin faɗa. Zango kuma ki adana shi saboda irin su Cape Epic na Afirka ta Kudu, kwana takwas, mutum biyu-biyu, kullum a yada zango a kwana a tashi. Wannan shi ne na zango-zango.

Fanfalaki dai na yarda da shi, don jikina ya shaida. A na zagaye kana wuce masu taimakonka kowane zagaye, su miƙo gorar ruwa, in taya ta yi faci su canza maka wili a wurin da aka keɓe. Haka ta faru da Tom Pidcock na Birtaniya a Olamfik ta Faris, faci ya mayar da shi baya da kusan daƙiƙa 40, aka canza masa, ya kamo Victor Koretzky na Faransa da ke kan gaba ya ci zinare. A na nisa kuwa tsakaninka da wurin taimako sai ka yi tafiya mai tsawo. Na taɓa tsinka sarƙa a wajen kilomita 70, ga jijiyar cinya ta ɗaure. Na kifa keken a gefen hanya, hannu duk baƙin mai, yatsu na rawa, ƙaramar mahaɗar sarƙar ta suɓuce ta faɗa cikin ganye. Na fi minti goma a durƙushe ina lalube, waɗanda na wuce tun safe suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce lafiya dai, ba mai tsayawa.

'Yar Nahawu: Sannu. To tunda ana maimaita zagayen, ƙa'ida ta ce zagaye-zagaye, sai dai wannan ya riga ya zama na mai kauce wa magana. A bar shi "na zagaye". Ya-da-ƙanin-wani kuma kunne ya saba jin sa da gudun ƙafa, fanfalaki ya fi sakewa.

Mahayi: Wasu na fanfalakin ma babban zagaye ɗaya ne, a dawo inda aka tashi. Amma ba zan ja ba.

Ɗan Jarida: Keken fa? Hawan dutse?

'Yar Nahawu: Ba hawa kaɗai ake yi ba, rabin abin gangara ne. Keken tsauni. Ba wanda zai ce da tsauni aka ƙera shi.

Na Nijar: Élancourt ba tsauni ba ne.

Mai Fassara: An naɗa. Na ce "tseren keken tsauni na zagaye" da "tseren keken tsauni na fanfalaki", a farkon ambato na ƙara da cewa keke ne mai kaurin taya da ake hawa inda babu kwalta. Edita ya so ya mayar da shi keken hawan dutse, na roƙe shi ya bari. Baba, na gwada ƙi-gwadabe a gaban mai naɗar sauti, ya cire abin kunnensa ya ce in maimaita.

Tsohon Malami: Ai da kin maimaita masa. Na zagaye da na fanfalaki ba laifi, na karɓa. Keken tsauni kuwa ku kuka ce, ni a littafina ƙi-gwadabe na rubuta.

Mai Fassara: Allah ya saka wa kowa da alheri. Mako mai zuwa an ce akwai rahoto a kan na gangarowa zalla, wanda ake sakin su ɗaya-ɗaya ana duba agogo.

Tsohon Malami: Wannan ina da sunansa tun tuni. Sai kin tambaya.