Gidan kula da tsofaffi ko mu ɗauko mai jinya a gida? Shawara nake nema

Ɗan Jekadafari:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina. Baffanmu, wato mahaifinmu, ya samu shanyewar ɓarin jiki tun bayan babbar sallah, an sallame mu daga asibiti amma gefen dama ba ya motsi, magana sai da ƙyar, fitsari da bayan gida duk a kwance. Innarmu ita ma girma ya kama ta ga ciwon gwiwa, ba ta iya ɗaga shi. Ni kaɗai ne a Gombe kuma wani lokaci aikin dare nake yi, yayanmu yana Abuja, ƙannenmu mata suna gidajen mazajensu, ɗaya Kaltungo ɗaya Azare. To yaya ya ce ya samo wani gidan kula da tsofaffi na kuɗi a can Abuja, wai akwai nas dare da rana, shi zai riƙa biya. Ni kam raina bai kwanta ba wallahi. Wanda ya san irin gidajen nan ya gaya min, tsoho yana samun kulawa da gaske? Me ake dubawa kafin a yarda? Ko gara mu ɗauko wani mu biya shi ya zauna da shi a gida?

Malam na Bolari:
Wa alaikumus salam. Haba ɗana, uban da ya haife ku za ku ɗauka ku kai wa baƙi? Aya ta 23 a Suratul Isra'i ko "uf" ba ta yarda a ce musu ba. Ku raba kwana tsakaninku, ai aiki ba zai ƙare ba, uba kuwa ɗaya ne. Allah ya ba shi lafiya.

Nas ɗin Yelwa:
Amin Malam, gaskiya ka faɗa, amma ka yi haƙuri in ƙara wani abu don ni a ɗakin marasa lafiya nake kwana a nan Bauchi. Gyambon kwanciya mafi muni da na taɓa wankewa daga gida aka kawo shi, gidan da 'ya'ya ke son ubansu kamar su haɗiye shi, sai dai ba wanda ya gaya musu cewa mutumin da ba ya iya juya kansa dole a juya shi duk bayan awa 2, har cikin dare. An bar shi rigingine kan katifa da leda cikin zafin watan Afrilu, kafin a ankara ƙashin gindi ya huje.

Saboda haka ɗan'uwa, ko gida ko can, ga abin da za ka sa wa ido. Kullum ka ɗaga riga ka duba ƙasan baya wajen gindi, dunduniya, kwankwaso da kafaɗa. A fatarmu baƙa ba lallai ka ga ja ba, za ka ga wurin ya ƙara duhu ko yana sheƙi ko ya fi sauran jiki zafi, to wannan somin-taɓi ne, a daina kwantar da shi ta nan. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓarsa yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Pampas kada ya jiƙe a bar shi. Sai abinci, wannan shi ne ke kashe masu shanyewar jiki a ɓoye: a ba shi kunu yana kwance ya ƙware, kunun ya gangara huhu, bayan kwana kaɗan sai zazzaɓi da tari, a ce ai maleriya ce alhali limoniya ce. A zaunar da shi tsaye sosai, cokali-cokali, kuma kada a kwantar da shi nan take sai an ɗan jima, kamar rabin awa. In yana tari duk lokacin da ya sha ruwa ku koma wa likita. Maganin hawan jini kada ya tsallake ko kwana ɗaya, kuma ku nemi masu gashin ƙashi a FTH, asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, su koya muku motsa masa hannu da ƙafa tun kafin gaɓoɓin su sandare.

Bagombiya a Ingila:
Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a nan, bari in ce wani abu. A Ingila akwai hukuma, CQC, tun 2009, tana shiga gidajen tsofaffi ta bincika ta ba kowane gida matsayi cikin mataki huɗu, ta sa a intanet kowa ya karanta. Amma duk da haka ana samun sakaci, kun ga yadda korona ta yi ɓarna a gidajen nan a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a irin waɗannan gidaje ma'aikata 2 cikin 3 sun amsa da bakinsu cewa sun muzguna wa tsoho a cikin shekara guda, sannan a cikin gari ma kusan mutum 1 cikin 6 na 'yan shekara 60 zuwa sama yana fuskantar cin zarafi, kenan gida ma ba a tsira ba. Yawanci ba mugunta ba ce, gajiya ce, mutum ɗaya a bar masa tsofaffi da yawa da dare ga albashi ba yawa, sai ya fara tsawa, ko a ɗirka wa tsoho maganin barci don a huta.

A Najeriya an sa hannu a dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, to amma doka daban, wanda zai je ya ɗaga bargo ya duba daban. Ka ce wa yayanku ya je gidan ba tare da ya sanar ba, kuma kada ya tsaya a falon baƙi inda aka fesa turare. Ya je da yamma lokacin cin abinci. Hancinsa zai gaya masa, in zarnin fitsari ya daki mutum tun daga baranda to ba a canzawa kan lokaci. In ya ga tsofaffi duk suna gyangyaɗi da rana tsaka ya tambayi me ake ba su. Ya tambaya mutum nawa ke kwana a bakin aiki, kuma cikinsu wace ce nas mai lasisi ba mai farar riga kawai ba. Ya ce a nuna masa takardar da ake rubuta juyawa da ba da magani. Banɗaki akwai ƙarfen riƙewa ko tayil ne mai santsi? In wuta ta ɗauke fa, in jiki ya rikice ƙarfe 2 na dare wace mota, wane asibiti? Duk gidan da ya ce ziyara sai ranar Lahadi kawai, ku gudu.

Maman Tumfure:
Ni dai abin da ba a ambata ba shi ne nisan. Tsohon da ya saba jin kiran sallar masallacin unguwarsu, abokai su leƙo bayan la'asar, ku kai shi inda mai kula da shi ba ta jin Hausa balle Fulatanci, ga bakinsa ba ya fita, in ƙishi yake ji wa zai gane? Wa zai yi masa alwala ko taimama? Mu da Goggonmu ta kwanta mace muka ɗauka, amma sai da muka sa nas ta zo ta koya mata a gabanmu, kuma muka ba ta ranar hutu, don in ba ka bar mai jinya ta huta ba kai ma ka buɗe gidan sakaci a ɗakinka. Kuɗin da yayanku zai biya can ya turo nan, a ɗauki maza biyu, na rana da na dare, a sayi katifar iska da keken guragu.

Ɗan Jekadafari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam na ji kuma na ɗauka. Na tura wa yaya duka, ya ce zai je ya gani da idonsa kafin mu yanke. Anti nas, yanzu na duba dunduniyarsa ta dama na ga ta yi duhu amma ba ta fashe ba, Inna ta ce a shafa man zafi a murza, a yi?

Nas ɗin Yelwa:
A'a kada ku murza, kuma ban da man zafi, ƙara lalata naman zai yi. Ka ɗage ƙafar da filo yanzu-yanzu yadda dunduniyar za ta zauna a iska, a wanke da ruwa a tsane a hankali. Ka ɗauki hoto yau ka sake ɗauka gobe ka gwada. In ta yi bororo ko ta buɗe ko tana wari, ko zazzaɓi ya zo, ku kai shi asibiti ranar, musamman in yana da ciwon suga.